Inabi 12 da Jelar Ragon Layya: Camfe-camfen Shigowar Sabuwar Shekara

Da ƙarfe goma sha biyun daren 31 ga Disamba, idan agogon dandalin Puerta del Sol da ke birnin Madrid ya fara bugawa, dubban mutanen da suka yi cincirindo a wurin ba sa ihun murna tukuna, domin bakin kowa a cike yake. Al'adar mutanen Sifaniya ita ce a ci ƙwayar inabi ɗaya a kan kowane bugu har bugu 12, ɗaya ga kowane wata, kuma wanda ya cinye kafin ƙararrawar ta yi shiru sai a ce shekara za ta yi masa albarka. Tazarar da ke tsakanin bugu da bugu ba ta wuce kamar daƙiƙa uku ba, shi ya sa kantuna ke sayar da inabin gwangwani wanda aka riga aka ɓare aka cire masa ƙwallo.

Bahaushe ya ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma a kan irin wannan tunani aka gina akasarin camfe-camfen sabuwar shekara: mutane na ɗaukar ranar farko tamkar irin shuka, abin da aka zuba a cikinta shi za a girba har shekara ta ƙare. Sai dai ita ranar farkon ma ba a yi ittifaki a kanta ba. Ingila ta ci gaba da fara shekararta a hukumance ranar 25 ga Maris har zuwa 1752. Habasha na shiga tata a ranar 11 ga Satumba, ko 12 idan shekarar ta zo da ƙarin kwana, lokacin da damina ke ɗaukewa. Ta Sin tana bin wata, tana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, ta Iran kuwa sai tsawon dare da na rana sun daidaita, wajen 20 ko 21 ga Maris.

Inda camfin ya fi yawa shi ne a akushi, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda yawancin waɗannan al'adu manoma ne suka haife su, mutanen da fargabarsu ta farko ita ce ko rumbu zai kai su kaka. A ƙasar Sin ana dafa kifi a daren jajibere saboda kalmar kifi a harshensu, wato yu, lafazinta ɗaya da kalmar rara, kuma da gangan ake rage wani abu a faranti domin rarar ta ƙetara zuwa sabuwar shekara. A kudancin ƙasar Amurka kuwa wake da shinkafa ake ci ranar 1 ga Janairu, a haɗa da dafaffen ganye, a ce waken shi ne tsabar kuɗi, ganyen kuma takardar dala. Waken nan shi ne namu mai baƙin ido, wanda ya tsallaka teku daga Afirka ta Yamma a zamanin cinikin bayi.

A ƙasar Hausa ma ba mu tsira ba. Watan Muharram, wanda ke buɗe shekarar Hijira, shi ne ake kira watan cika-ciki, domin a kwanakin Tasu'a da Ashura ana girki mai yawa, a wasu gidajen har da jelar ragon layya da aka adana tun Babbar Salla, kuma tsofaffi kan tsoratar da yara cewa wanda bai ƙoshi ba a daren zai ƙare shekara da yunwa. Malamai sun sha bayyana cewa abin da ya inganta a waɗannan ranaku shi ne azumi, zancen yunwar shekara kuwa camfi ne kawai. Amma idan aka ajiye jelar nan kusa da kifin Sinawa, za a ga tsoro ɗaya ne ya dafa su.

Bayan abinci sai tsintsiya. Sinawa na share gida lungu da saƙo kafin ranar ta zo, amma idan ta zo sai a jingine tsintsiya, domin wanda ya yi shara a ranar farko wai arzikinsa ya share ya zubar. Mutanen Iran na kiran nasu kwalimar gidan da sunan girgiza gida, sannan a daren Larabar ƙarshe ta shekara su hura wuta a titi suna tsallake ta, suna ce mata ta karɓi launin ɗorawa na jikinsu, wato cuta, ta ba su jan launinta. A Ekwado mutum-mutumi ake cusa wa tsumma da takarda, sau da yawa da fuskar wani ɗan siyasa, a cinna masa wuta tsakar dare a madadin shekarar da ta shuɗe.

Mutanen Sikotlan su kuma ƙofa suke sa wa ido. Wanda ya fara shigowa gida bayan tsakar dare shi ne ke ɗauke da sa'ar gidan, kuma an fi so ya kasance dogon namiji mai baƙin gashi, riƙe da gawayi da gishiri da ɗan abin ci. Duk wanda ya taɓa neman bashi wurin ɗan kasuwar da bai yi cinikin farko ba da safe, ya san yadda wannan lissafi yake.

Mafi ban mamaki a ganina ita ce al'adar tsibirin Bali na Indonesiya, wadda ake kira Nyepi, ranar shigowar tasu sabuwar shekarar. A jajibere ana zagaya gari da manyan dodanni na takarda da gora, ana kiɗa da hayaniya don a kori miyagun iskoki. Washegari daga ƙarfe shida na safe har shida na safiyar gobe ba a kunna wuta, ba a aiki, ba a fita, ba a shagali, hatta filin jirgin sama na Ngurah Rai rufe shi ake yi, masu gadin gargajiya kaɗai ke zagaya tituna, kuma baƙi 'yan yawon buɗe ido ma dole su zauna a masauki. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne, idan iskokin da aka kora suka dawo suka tarar ba haske ba motsi, sai su zaci tsibirin kufai ne, su wuce gaba.