Mamaya Ce Ko Shiga Da Yardar Rai? Tsohuwar Gardama A Gaɓar Tekun Baltik

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka.

Duk mai bin labarin yaƙin Yukren tun watan Fabrairun 2022 ya lura da wani abu. Yayin da manyan ƙasashen Turai ke jan ƙafa suna auna kalmomi, sai ka ji wasu ƙananan ƙasashe uku sun riga kowa ɗaga murya a kan Mosko. Su ne Estoniya da Latbiya da Lituweniya, a gaɓar tekun Baltik. In ka haɗa mutanensu kaf, da ƙyar su haura miliyan 6, ba su kai na jihar Kano ita kaɗai ba. A majalisun hira za ka ji ana cewa ai 'yan amshin shatan Amurka ne, an miƙa musu ganga suna kaɗawa. Ni dai ban ɗauki wannan magana ba. Rigimarsu da Mosko ta girmi ƙungiyar NATO da shekaru tara, kuma a kan tambaya ɗaya take: abin da ya faru a 1940, mamaya ce, ko kuwa su suka shiga Tarayyar Sobiyet da ƙafarsu?

Ƙasashen uku sun shelanta 'yancinsu a 1918, bayan rushewar daular sarakunan Rasha. A 1920 sabuwar gwamnatin Lenin ta rattaba hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya da kowacce, ta Estoniya a garin Tartu, ta Lituweniya a Mosko, ta Latbiya a Riga, ta ce ta yafe duk wani iko a kansu har abada. Wannan har abadan shekara 20 ta yi.

Ranar 23 ga Agustan 1939, ministan harkokin wajen Hitler, Ribbentrop, ya sauka a Mosko, shi da takwaransa na Sobiyet, Molotov, suka sa hannu a kan alkawarin ba za su yaƙi juna ba. Wannan shi aka nuna wa duniya. A ƙarƙashinsa akwai wata 'yar takarda ta sirri, inda aka yi watandar gabashin Turai: Estoniya da Latbiya a kason Stalin, shugaban Sobiyet, Lituweniya a kason Jamus, bayan wata guda aka sake ciniki ita ma ta koma hannun Stalin. Masu ƙasa ba a ko tambaye su ba. Kafin shekara ta ƙare an tilasta musu karɓar sansanonin sojan Sobiyet. A Yunin 1940 tankoki suka shigo. A Yuli aka yi zaɓe da jerin 'yan takara guda ɗaya tak, majalisun da suka fito suka roƙi a shigar da su Tarayyar, a Agusta Mosko ta amsa roƙon. Wannan roƙon shi ne hujjar Rasha har gobe.

Kada a ɗauka shugabannin da aka kawar waliyyai ne. Dukansu ukun sun riga sun rufe bakin majalisunsu, Smetona na Lituweniya tun juyin mulkin 1926, Ulmanis na Latbiya da Pats na Estoniya tun 1934. Smetona ya tsallake iyaka ya tsira. Sauran biyun a hannun Sobiyet suka mutu, nesa da gida.

Abin da ya zauna a zukatan talakawa kuwa shi ne daren 14 ga Yunin 1941. A ƙwanƙwasa ƙofa kafin asuba, a ce wa iyali su tattara abin da hannu zai iya ɗauka, a kai su tashar jirgin ƙasa, a ware maza gefe guda, a cusa mata da yara cikin taragon shanu, sai Saberiya. Kimanin mutum 10,000 aka kwashe daga Estoniya, 15,000 daga Latbiya, fiye da haka daga Lituweniya. A Maris ɗin 1949 aka maimaita, wannan karon sama da mutum 90,000 cikin 'yan kwanaki, don a karya manoman da suka ƙi shiga gonakin gwamnati, su da masu ciyar da 'yan tawayen da suka ɓuya a dazuka. A cikin waɗannan taragai akwai wata jaririya 'yar wata shida. Ita ce mahaifiyar Kaja Kallas, wadda ta yi firaministar Estoniya daga 2021 zuwa 2024, yanzu kuma take riƙe da harkokin wajen Tarayyar Turai. In kun ji zafin harshenta a kan Putin, to ga inda aka hura wutar.

Tsakanin kwasa biyun nan Jamus ta riƙe yankin shekara uku, kuma nan ma akwai abin da ba a son tonawa. An hallaka Yahudawan Lituweniya kusan duka, fiye da kashi 90 cikin ɗari, kuma akwai hannun 'yan ƙasa a cikin kisan. A dajin Rumbula kusa da Riga an harbe kimanin mutum 25,000 cikin kwana biyu a ƙarshen 1941. Sai da aka daɗe bayan 'yanci kafin a fara faɗin wannan da babbar murya, har yanzu ma ana taɓa shi kamar garwashi.

To, yaya ƙasar da aka shafe daga taswira shekara 50 za ta ce ba ta mutu ba? Nan ne labarin ya fi ba ni sha'awa. Ranar 23 ga Yulin 1940 muƙaddashin sakataren harkokin wajen Amurka, Sumner Welles, ya fitar da sanarwar cewa ƙasarsa ba ta amince da haɗiyar ba. Amurka ta zauna a kan wannan har ƙarshen yaƙin cacar baka, yawancin ƙasashen Yamma ma ba su amince a shari'ance ba. Ofisoshin jakadancin ƙasashen uku suka ci gaba da buɗe ƙofa a Amurka, alhali gwamnatocin da suka turo su babu su. Akwai wani dattijo ɗan Estoniya, Ernst Jaakson, da ya yi ta zuwa ofis a birnin New York shekara da shekaru, yana riƙe da hatimi da tutar ƙasar da 'yan makaranta ba sa gani a taswira. Wa zai hana a yi masa dariya? A 1991, yana da shekara 86, sai ga shi jakadan Estoniya a Amurka da Majalisar Ɗinkin Duniya.

Da shugaban Sobiyet Gorbachev ya sassauta takunkumin magana, Baltik ta fara da waƙa. A Satumbar 1988 dubban ɗaruruwan mutane suka cika filin waƙe-waƙe na Tallinn suna rera waƙoƙin ƙasa da aka hana. Sannan ranar 23 ga Agustan 1989, daidai cikar shekara 50 da waccan takarda ta sirri, mutane kimanin miliyan 2 suka fito kan titi suka riƙe hannun juna, tun daga Tallinn, ta Riga, har Vilnius, manyan biranen ƙasashen uku, tafiyar fiye da kilomita 600. Babu wayar salula a hannun jama'a a lokacin. Da rediyo aka tsara abin, kowane gari aka gaya masa inda zai tsaya, mutane na riƙe da ƙananan akwatunan rediyo suna jiran ƙarfe bakwai na yamma. Mu ma'aikatan wannan sana'a muna da ɗan abin tinƙaho a nan. Wata huɗu bayan haka, a Disambar 1989, majalisar wakilan Sobiyet da kanta ta amsa cewa takardar sirrin gaskiya ce, ta kuma yi tir da ita, bayan rabin ƙarni ana rantsuwa babu ita.

Saboda haka da majalisar Lituweniya ta zauna ranar 11 ga Maris 1990 ƙarƙashin Vytautas Landsbergis, malamin kiɗa, ba ta ce ta ɓalle ba. Cewa ta yi ta maido da ƙasar da aka mamaye. Mosko ta yi maza ta kafa dokar ficewa, mai sharaɗin ƙuri'ar raba gardama da kashi biyu bisa uku da jiran shekara biyar. 'Yan Baltik suka ce ba da su ba. Auren da ba a ɗaura ba, ina maganar saki? Aka toshe wa Lituweniya mai da gas. Daren 13 ga Janairun 1991 tankoki suka afka wa taron da ya kewaye hasumiyar talabijin ta Vilnius, mutum 14 suka mutu. Mako guda bayan haka aka kashe biyar a Riga. Amma a tuna, a wannan rana ta 13 Boris Yeltsin, shugaban majalisar jamhuriyar Rasha da ke cikin Tarayyar a lokacin, ya tashi takanas zuwa Tallinn ya mara musu baya. Da yunƙurin juyin mulkin Mosko ya wargaje a Agusta, Iceland ce ta fara amincewa da su, Tarayyar Sobiyet ta bi ranar 6 ga Satumba, ranar 17 suka zauna a Majalisar Ɗinkin Duniya.

Sai dai wannan hujja da ta cece su tana da kaifi biyu, kuma a nan nake da ja da su. In 1940 mamaya ce, to duk wanda ya zo bayanta baƙo ne. A zamanin Sobiyet an yi ta kawo ma'aikata daga Rasha da sauran sassa, har 'yan ƙabilar Latbiya suka sauko daga kashi uku cikin huɗu zuwa kashi 52 a ƙasarsu a 1989, 'yan Estoniya daga kashi 88 zuwa kimanin 61. Tsoron ɓacewar harshensu ba ƙarya ba ne. Amma da 'yanci ya samu, Latbiya da Estoniya suka ce ɗan ƙasa shi ne wanda yake ɗan ƙasa kafin Yunin 1940, shi da zuri'arsa. Saura sai sun ci jarrabawar harshe da tarihi. Mutum an haife shi a Riga, can aka binne cibiyarsa, ya wayi gari ba shi da ƙuri'a. A Latbiya kaɗai sun kai 700,000. Alhali a ƙuri'ar jin ra'ayi ta Maris 1991, kusan kashi 74 na masu zaɓen Latbiya ne suka zaɓi 'yanci, lissafin da ba zai fita ba sai da ƙuri'un masu jin Rashanci da yawa. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta. Lituweniya, da baƙinta ba su da yawa, ta ba kowa takarda, ta huta. Yau adadin marasa takardar zama ɗan ƙasa ya ragu sosai, ƙasa da kashi 10 a Latbiya, amma tabon na nan, kuma Mosko ba ta gajiya da sosa shi.

Sojan Rasha na ƙarshe sun bar Lituweniya a 1993, Latbiya da Estoniya a 1994. Daga nan babu waiwaye: NATO a Maris 2004, Tarayyar Turai a Mayu, kuɗin yuro daga baya. Ba su da jiragen yaƙi na kansu, ƙawaye ne ke karɓa-karɓa wajen gadin samaniyarsu. Tun 2017 sojan Birtaniya na Estoniya, na Kanada na Latbiya, na Jamus na Lituweniya. Masu sauraronmu na Nijar za su iya tuna cewa an ga sojan Estoniya a Gao ta ƙasar Mali, suna tare da Faransawa tun 2018 har zuwa 2022. Me ya kai mutumin ƙanƙara cikin rairayin Sahel? Ba ƙaunar Mali ba ce. Adashe suke zubawa. Sun zuba a Iraƙi, sun zuba a Afganistan inda Estoniya ta rasa soja tara, don ranar da kwasa ta zo kansu kada a ce ba a san su ba. Ko uwar adashen za ta cika alkawari, musamman da irin maganganun da ke fitowa daga Washinton a zamanin Trump, wannan ita ce tambayar da ke hana su barci.

Igiyoyin da suka rage ma ɗaya bayan ɗaya suke tsinkewa. A 2014 Lituweniya ta girke wani katafaren jirgin ruwa na karɓar iskar gas a tashar Klaipeda, ta raɗa masa suna 'Yanci, shi ya ba ta damar daina sayen gas ɗin Rasha a Afrilun 2022. A Fabrairun 2025 ƙasashen uku suka cire layukan lantarkinsu daga na Rasha da Belarus, suka jona da na Turai ta Poland. Ba kuma duk abin da suka yi da sunan tsaro ne ke da kyan gani ba. A 2021, da Lukashenko na Belarus ya buɗe wa baƙin haure hanya don ya rama takunkumin Turai, sama da 4,000 suka shiga Lituweniya, yawancinsu 'yan Iraƙi, har da 'yan Afirka. Aka tsare su wata da watanni, na baya aka riƙa kora su daji, aka kafa shingen waya. Jikokin mutanen tarago ke nan.

A garin Narva ne za ka ga gardamar 1940 da idonka. Kogi ne a tsakani, tsohuwar ganuwa a wannan gaɓa ta Estoniya, wata a waccan gaɓa ta Ivangorod a Rasha, suna kallon juna, gada ta haɗa su. Kusan kowa a Narva Rashanci yake yi. A 2005 ƙasashen biyu suka sa hannu a kan yarjejeniyar iyaka, sai majalisar Estoniya ta ƙara 'yan layuka a gabatarwa da ke ambaton yarjejeniyar Tartu ta 1920. Nan take Mosko ta janye hannunta. Aka sake sa hannu a 2014, majalisun ba su tabbatar ba har yau. A Mayun 2024, cikin dare, masu gadin iyakar Rasha suka shigo da kwalekwale suka kwashe fiye da 20 daga cikin alamomin da Estoniya ta jera a kan ruwa don nuna wa masunta inda ƙasarsu ta tsaya.