Nepal: Matasan da suka taso da jadawalin ɗauke wuta

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau tafiyarmu Nepal ce, ƙasar da ke maƙale a jikin duwatsun Himalaya. Indiya ta kewaye ta kudu da gabas da yamma, China kuma tana arewa da ita. Mutanenta sun kusa miliyan 30. Da yawanmu in an ce Nepal, dutsen Everest kawai ke zuwa mana a rai. To mu yau a ƙasa za mu tsaya, a Kathmandu babban birni, mu bi rayuwar matashin da aka haifa can a shekarar 2000.

Ku riƙe wannan shekarar, za ta sauƙaƙa mana lissafi. Yana ɗan shekara 1 aka harbe Sarki Birendra da iyalinsa a cikin fada. Yana shekara 6 aka kawo ƙarshen yaƙin 'yan tawaye masu bin aƙidar Mao, yaƙin da ya ci rayuka kusan 17,000 cikin shekara goma. Yana shekara 8 aka soke sarauta baki ɗaya, ƙasar ta koma jamhuriya. Duk waɗannan manya ne suka sha su. Abin da ya shiga rayuwar yaron kullum safe da yamma shi ne wata 'yar takarda da ake yankowa daga jarida a manna a bango ko a jikin firij: jadawalin ɗauke wuta.

Hukumar wutar lantarki ta ƙasar, wadda ake kira NEA, ta raba unguwannin birnin rukuni bakwai. Kowane rukuni da ranarsa da sa'o'insa. Ka san ranar Talata ƙarfe nawa za a ɗauke, ƙarfe nawa za a kawo. Mu da muka saba a ɗauke mana wuta ba sallama, ba ranar dawowa, wataƙila mu ce ai su gata aka yi musu. Amma ku ji tsawon lokacin tukuna. A lokacin sanyi, daga wajen 2008 zuwa 2016, ɗaukewar takan kai awa 12, ta kai 16, akwai lokacin da ta taɓa 18 a rana guda. 'Yan sa'o'in da suka rage kuma sau da yawa cikin tsakar dare suke faɗowa.

Sai gida ya koma bin agogon NEA. Uwa ta tashi ƙarfe biyun dare don ta kunna injin da ke tura ruwa zuwa tankin saman rufi. A lokacin ne za a yi guga, a yi cajin waya, a ɗora tukunyar shinkafa ta lantarki. Mai hali ya sayi inbata da manyan batura, mai shago ya ja janareta, ɗalibi ya yi karatun jarrabawa da kyandir ko fitilar caji. Kathmandu tana cikin wani kwari da ke kusan mita 1,400 sama da teku, dare na sanyi yana da cizo, gidajen kuma ba a gina su da abin ɗumama ɗaki ba. Idan aka ɗauke, sai ka ji an ce "batti gayo", wato wuta ta tafi. Da wayoyin zamani suka yawaita, har manhaja aka yi ta duba jadawalin.

To ƙasar da ke da manyan koguna suna gangarowa daga ƙanƙarar Himalaya, me zai sa ta kwana cikin duhu?

Amsar tana cikin irin tashoshin da aka gina. Kusan duk wutar Nepal daga ruwa take, amma yawancin tashoshin ba su da tafkin tara ruwa. Ana karkato wani sashe na kogi ne ya bi ta rami cikin dutse, ya juya injin, ya koma kogin. Abin da kogi ya kawo yau, shi ne wutar yau. Daga Yuni zuwa Satumba damina na sauka kamar da bakin ƙwarya, koguna su cika, injina su yi aiki cikakke. Da an shiga Disamba ruwan sama ya ɗauke, ƙanƙarar saman dutse ta daina narkewa, koguna su ƙanƙance, wutar da ake samu ta faɗi ƙasa warwas. A daidai lokacin ne kuma dare ya fi tsawo, mutane suka fi bukatar haske da ɗumi. Madatsar Kulekhani da ke kudu da Kathmandu ita ce mai tafki, kuma ƙarama ce idan aka auna da bukatar ƙasa. Ga shekarun yaƙi da sauye-sauyen gwamnati da suka hana gina sababbi, ga jama'a na ta kwararowa birni.

Wannan shi ne bayanin da ake yi wa mutane shekara da shekaru, kuma gaskiya ne. Sai dai ba shi ne duka gaskiyar ba.

A watan Satumba na 2016 aka naɗa wani injiniya mai suna Kulman Ghising shugaban NEA. Bai cika wata biyu ba, lokacin bikin Tihar, bikin da ake kunna fitilu a gidaje, Kathmandu ta kwana da wuta. Mutane suka ɗauka kyautar biki ce, gobe za a koma gidan jiya. Ba a koma ba. Zuwa Mayu 2018 aka ayyana ƙarshen ɗauke wuta bisa jadawali a ƙasar.

Me ya yi? Ya tarar wasu manyan masana'antu na samun wuta dare da rana ta layukansu na musamman, alhali gidajen talakawa na duhu. Sai ya rage musu a sa'o'in magariba da kowa ke kunna fitila, ya juya wutar zuwa unguwanni. Ya tsara yadda ake amfani da ruwan Kulekhani don a tanade shi ga waɗannan sa'o'in, aka matsa wa masu satar wuta, aka gyara taransifomomi. Sa'a ma ta taimake shi, dole a faɗa: a farkon 2016 aka buɗe babban layin Dhalkebar zuwa Muzaffarpur, wanda ya ba da damar shigo da wuta mai yawa daga Indiya, wasu sababbin tashoshi kuma suka fara aiki. Amma yaronmu, wanda a lokacin yake shekara 16, ya ga wani abu da idonsa. Koguna ba su ƙaru a wata biyu ba. Wani kaso na duhun da ya taso a ciki rabo ne da wasu mutane suka zauna a ofis suka yi. A ganina, wanda duk bai fahimci wannan ba zai sha wuyar fahimtar fushin matasan Nepal na yau.

Yanzu abin ya juya sosai. A 2021 aka ƙaddamar da tashar Upper Tamakoshi mai megawat 456, wadda aka gina da kuɗin cikin gida. A shekarar ne Nepal ta fara sayar wa Indiya wuta. A Janairun 2024 ƙasashen biyu suka sa hannu kan yarjejeniyar megawat 10,000 cikin shekara goma, a Nuwamba kuma aka fara tura megawat 40 zuwa Bangladesh ta layukan Indiya. Fiye da rabin sababbin ƙananan motocin da ake shigowa da su yanzu masu caji ne. Amma da rani ya kama, ƙasar takan koma sayen wuta daga Indiya, kuma har yanzu wuta na ƙiftawa ba sanarwa, musamman idan ambaliya ko zaftarewar ƙasa ta taɓa tasha, kamar yadda ta faru da Upper Tamakoshi ɗin kanta a Satumban 2024.

Ranar matashin nan kuwa da shayin madara take farawa, suna ce masa chiya. Kafin ya fita zai ci dal bhat, shinkafa da romon wake irin nasu da ganye, da dare ma ita zai sake ci. Tsakanin nan akwai momo, ƙullin fulawa mai nama ko ganye a ciki da ake turarawa. Ya hau babur ɗin haya da ya kira ta manhajar Pathao, da takunkumi a hanci saboda ƙura da hayaƙin da ke taruwa a kwarin Kathmandu lokacin sanyi. Asabar ce babbar ranar hutunsu. Kalandarsu ta Bikram Sambat ta wuce ta Miladiyya da kusan shekara 57.

Ina ya nufa? Sau da yawa Putalisadak, unguwar da allunan talla suka rufe benayenta: koyi Japananci, koyi Koriyanci, shirya jarrabawar Turanci, karatu a Ostareliya. Digiri yana hannu, aiki babu. Kuɗin da 'yan ci-rani ke aikowa gida ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tattalin arzikin ƙasar. Gidaje da yawa suna da ɗa a Qatar, Saudiyya, Dubai ko Malesiya. A filin jirgin Tribhuvan ana raka masu tafiya da furanni a wuya, a filin ne kuma ake karɓar akwatunan gawar waɗanda zafi ko haɗarin wurin aiki ya kashe.

Shi ya sa labarin duniya a wurinsa ba hira ce ta nishaɗi ba. Idan rikici ya tashi a yankin Gulf, tunaninsa yayansa ne da kuɗin hayar wata mai zuwa. A harin 7 ga Oktoban 2023 a Isra'ila, ɗaliban aikin gona 10 'yan Nepal aka kashe. Yaƙin Ukraine ma ya shigo musu gida, domin samari da dama sun shiga rundunar Rasha don albashi, wasu suka mutu a can, har gwamnati ta dakatar da ba da izinin zuwa aiki Rasha da Ukraine a farkon 2024.

Sai maƙwabta biyu. Sarki Prithvi Narayan Shah, wanda ya haɗa kan ƙasar a ƙarni na 18, ya kwatanta Nepal da doya tsakanin manyan duwatsu biyu, kuma har yau maganar na bakin mutane. Indiya ita ce ta kusa a komai: iyaka a buɗe ba biza, addinin Hindu, finafinai, wasan kurket, kuɗin Nepal ma a ɗaure yake da na Indiya, rufi 100 na Indiya daidai da 160 na Nepal. Amma akwai tabon 2015. A watan Afrilu girgizar ƙasa ta kashe mutum kusan 9,000. A Satumba aka kafa sabon kundin tsarin mulki, 'yan ƙabilun Madhesi na kudu suka ce an tauye su, suka toshe mashigar Birgunj da ke kan iyaka da Indiya. Tankokin mai suka tsaya a iyaka har zuwa Fabrairun 2016. Indiya ta ce zanga-zanga ce ta hana motoci wucewa, yawancin mutanen Kathmandu kuwa sun tsaya a kan cewa takunkumi Indiya ta ƙaƙaba musu. Yaronmu ya ga layin tukwanen gas ba iyaka, ya ga ana girki da itace a tsakiyar babban birni, cikin sanyi, ga wuta ana ɗaukewa. Don haka da rigimar iyaka da Indiya kan yankunan Kalapani da Lipulekh ta taso a 2020, matasa ba su bukaci wanda zai zuga su ba.

Wannan bai sa suka rungumi China ido rufe ba. Filin jirgin Pokhara da aka gina da bashin China aka buɗe a Janairun 2023, ga gini mai kyau, jiragen ƙasashen waje kuwa sai jefi-jefi, ana ta tambayar wa zai biya. Indiya kuma ba ta sayen wutar tashar da ke da jarin China a ciki, ke nan wanda zai gina madatsa a kogin Nepal sai an duba fuskar maƙwabci. Amurka ma ta shigo da tallafin dala miliyan 500 na shirin MCC, mafi yawansa don layukan wuta. Wasu suka ce kyauta ce a karɓa, wasu suka ce tarko ne na ja-in-ja da China, aka yi ta arangama da 'yan sanda a gaban majalisa kafin ta amince a Fabrairun 2022. Kada ku ɗauka matasan bakinsu ɗaya. Akwai mai kewar sarauta da bai ma rayu ƙarƙashinta sosai ba, akwai mai ra'ayin gurguzu, akwai wanda biza kawai yake jira.

Inda suka haɗu shi ne gajiya da 'yan siyasa. Daga 2008 zuwa 2025 gwamnatoci fiye da goma aka yi, kujerar firaminista na zagaye tsakanin dattawa 'yan ƙalilan. A Maris 2025 gwamnatin K.P. Sharma Oli ta sallami Kulman Ghising, saura 'yan watanni wa'adinsa ya cika, bayan ya daɗe yana takun-saƙa da masu masana'antu kan bashin wutar layukan nan na musamman. Sannan a farkon Satumba ta rufe kafafen sada zumunta 26, ciki har da Facebook da YouTube da WhatsApp, a kan ba su yi rajista ba. Ku tuna ta nan ne uwa ke ganin fuskar ɗanta da ke Doha. A lokacin kuma matasa na ta yaɗa hotunan 'ya'yan manya suna fantamawa a ƙasashen waje.

Ranar 8 ga Satumba suka fito, da yawa cikin kayan makaranta. Jami'an tsaro suka buɗe wuta, aƙalla mutum 19 suka mutu a ranar. Washegari aka cinna wa majalisa wuta, da Singha Durbar inda ma'aikatun gwamnati suke, da kotun ƙoli, Oli ya sauka. Waɗanda suka rasu a tarzomar sun haura 70. Dubban matasa suka yi ta muhawara a manhajar Discord kan wanda zai riƙe ƙasa, sunan da ya fi rinjaye shi ne na Sushila Karki, tsohuwar babbar mai shari'a. Ranar 12 ga Satumba aka rantsar da ita, mace ta farko da ta zama firaminista a Nepal, da sharaɗin shirya zaɓe. Cikin ministocin farko da ta naɗa akwai Kulman Ghising, aka ba shi ma'aikatar makamashi, wadda NEA ɗin da aka kore shi daga cikinta wata shida baya ke ƙarƙashinta.

A nan za mu tsaya yau. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba.