Shafin da Ka Ajiye Littafi: Lacca kan Ra'ayin Masu Karatu

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji? Madalla. A ɗan rage fankar nan don Allah, tana kwashe min takardu.

An ce in yi magana kan ra'ayin masu karatu. Ba sharhin malaman jami'a ba, a'a, ra'ayin tela da malamar asibiti da ɗan kasuwa, da uwargidan da ta gama aikace-aikacenta ta jawo littafi. Abubuwa biyar na tsara, za mu bi su ɗaya bayan ɗaya in Allah ya yarda.

Na farko, yaushe ra'ayin nan ya fara tasiri? A 1933 hukumar fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar ƙagaggun labarai, aka fitar da littattafai biyar, ciki har da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar. Wa ya zaɓa? Hukuma. Mai karatu sai dai ya tarar da littafi a aji. Haka aka ci gaba daga NORLA, hukumar adabi ta Arewa, zuwa NNPC, kamfanin buga littattafai na Zariya, edita ke yanke hukunci. Sai a shekarun 1980 marubuta suka fara kai rubutunsu maɗaba'a da kuɗin aljihunsu, abin da Farfesa Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano, har suka yi ta muhawara a jarida shi da Farfesa Abdalla Uba Adamu. Malamai na tasu muhawarar, kasuwa na nata hukuncin. Ana raba labari na ɗaya, na biyu, na uku, kuma da cinikin na ɗaya ake bugo na biyu. In na ɗaya ya yi kwantai, na biyu sai dai ya tsufa a jakar mai shi.

Kuma babu masanin da ya kai mai ba da hayar littattafai sanin ra'ayin jama'a. Ba ya tambayar kowa. Ya san wanda aka karɓa da la'asar aka dawo da shi da safe ana neman na biyu, ya san wanda ya yi mako uku a hannu ya dawo fes, ko lanƙwasa babu. Bangon da ya yage, aka liƙe da salatif, aka sake liƙewa, wannan yabo ne. Littafin haya in ya daɗe yana sabo, to ku yi wa marubucinsa jaje. (dariya)

Wannan ya kawo ni abu na biyu, kuma ku yi haƙuri, nan zan daɗe.

Mu Hausawa ra'ayinmu kan littafi kalmomi ne uku ko huɗu: ya yi daɗi, ya yi ma'ana, akwai darasi, Allah ya ƙara basira. Addu'a ce mai kyau, amma ba ta gaya wa kowa komai ba. Wanda ke riƙe da kuɗinsa yana shawarar ya saya ko kada ya saya, me zai yi da "ya yi daɗi"? Tuwo ma ya yi daɗi. Abin da mai karatu ya sani, wanda farfesa bai sani ba, marubucin kansa bai sani ba, shi ne shafin da ya ajiye littafin. Ku riƙe wannan: shafin da ka ajiye.

Ga yadda ake yi. Ka nemi fensir. Duk lokacin da ka rufe littafin, ka sa ɗan ɗigo a gefen layin da ka tsaya. In na aro ne ko na haya, kada ka ɓata wa mutane kaya, ka sa 'yar takarda a ciki kana rubuta lambar shafi. In a waya kake karantawa, ka ɗauki hoton fuskar wayar. Sai ka sa harafi ɗaya kusa da lambar, domin ajiyewa iri-iri ce. Akwai ta dole: an kira salla, yaro ya farka, miya na shirin kamawa. Wannan ba laifin littafi ba ne, amma ka lura, da ka idar ka koma masa da sauri ko sai bayan kwana uku? Akwai ta gajiya, inda ka ga idonka na bin layi amma hankalinka na kasuwa. Akwai ta haushi, inda marubuci ya raina maka hankali: mutum ya mutu a babi na huɗu, a babi na tara ga shi yana shan shayi ba bayani. Sannan akwai ajiyewar da ta fi kowacce daraja, wadda abu ya taɓa ka, ka kife littafin a ƙirji ka yi shiru. Hajiya na gyaɗa kai, ta san wannan.

To da ka gama, ko ka kasa gamawa, ra'ayinka ya riga ya rubuta kansa. Maimakon "ya yi ja da yawa", sai ka ce: littafi ne mai shafi 120, na gaji a shafi na 37, inda aka shafe shafi huɗu ana lissafin akwatunan lefe, ban koma ba sai bayan mako guda, amma daga shafi na 60 ban sake ajiyewa ba. Kun ga bambanci? Kuma ku duba wani abin sha'awa. Wadda ke son jin lissafin lefe, atamfa nawa, leshi nawa, wannan kukan naka talla ne a wurinta. Ka faɗi gaskiyarka, kuma ka bar mata ƙofa ta yanke nata hukuncin. Da ka ce "bai yi ba" kawai, ka rufe ƙofar.

Me ya sa na nace? Saboda ƙwaƙwalwa maƙaryaciya ce a wannan fage. Mutum in ya gama littafi, ƙarshen kawai yake tunawa. In ƙarshen ya yi masa, sai ya yafe shafi hamsin na wahala. In bai yi masa ba, sai ya tsine wa littafin duka, alhali ya hana shi barci dare biyu. Ɗigon fensir ba ya mantuwa. Kuma ku da kuke da ƙungiya, ku gwada: mutum goma su karanta littafi ɗaya, kowa da takardarsa, kada a yi shawara. Ranar haɗuwa a jera lambobin a allo. In bakwai sun gaji tsakanin shafi na 30 da na 40, to ba halin mutum ɗaya ba ne, akwai rami a wurin. Wannan allon ya fi wa marubuci amfani fiye da yabo ɗari. Shafin da ka ajiye, na ce.

Wani zai ce ai yanzu a WhatsApp da Wattpad, manhajar rubuta labarai da karanta su, ana faɗin ra'ayi kullum. Ana faɗi, amma wani iri ne daban. Can ana sakin labari guntu-guntu, masu karatu na ihu tun ba a kai rabi ba: a saki kishiyar nan, kada a kashe mana wane, a ƙara tsawo. Marubuciya kuma tana gudun kada jama'a su watse, sai ta bi. Labarin da aka tsara zai ƙare a kashi 40 sai ya kai 90, mugu ya tuba ba dalili don an roƙa masa. Wannan ba sharhi ba ne, tuƙi ne daga kujerar baya. Ka bari a sauke tukunya kafin ka ce gishiri bai ji ba.

Na huɗu... na uku muke? Malam ya ce na uku. To, na ukun da na huɗun mu haɗe su, lokaci ya tafi.

Kowane irin littafi da ma'auninsa, kada ka auna gero da ma'aunin man gyaɗa. Littafin girke-girke ba a yi masa ra'ayi daga kan kujera. Ki dafa aƙalla kala biyu, ki gaya mana ko awon ya fita. In an ce mudu ɗaya, mudun wace kasuwa? Ba girmansu ɗaya ba. Wanda ya ce gwangwanin madara uku ya fi taimako. Littafin tarihi, ka fara buɗe inda ka riga ka sani. In ya sa hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu a wata shekara ba 1804 ba, ko shigar Turawa Kano ba 1903 ba, to ka yi hattara da sauran da ba ka sani ba. Waƙa a karanta ta da murya, kunne ne ke kama karyewar kari da amsa-amo, ido ba ya kamawa. Littafin yara a karanta wa yaro, a ga ko zai ce a sake. Labarin jarumta da aljanu kada ka ce "ba zai yiwu ba", ai kowa ya sani. Tambayar ita ce, dokar da marubucin ya kafa wa duniyarsa, ya kiyaye ta? Kuma a kowane iri ku faɗi halin rubutun. Akwai "ya ba ta", akwai "ya ɓata", in littafi ya rubuta duka biyun "ya bata", to miji ya ba ta ne ko ya ɓata? Aure na iya mutuwa a kan ƙugiya ɗaya. (dariya)

Taurarin da masu karatu ke ba littafi kuwa, daga ɗaya zuwa biyar, irin na shafin intanet na Goodreads, wanda Amazon ya saya a 2013, lissafi ɗaya ya isa. Mutum goma, biyar sun ba da tauraro biyar, biyar sun ba da ɗaya, matsakaici uku. Wasu goma kowa ya ba da uku, matsakaici uku. Littafin farko ya raba gari biyu, na biyun ko gezau, amma lamba ɗaya suka samu. Don haka ku duba mutum nawa suka jefa, kuma ku karanta abin da masu tauraro biyu da uku suka rubuta, su ne ba dangin marubuci ba, ba kuma abokan gabarsa ba.

Na'am, akwai hannu a can. Bismillah, Malama.

Tambaya: Malam, littattafan addini fa? Kamar ni da ban yi zurfi ba, ya halatta in ce wannan ya yi, wannan bai yi ba?

Allah ya saka da alheri, dama na biyar ɗin da na tsara bai kai wannan muhimmanci ba. Malama, a raba abu biyu. Hukuncin da ke ciki, ingancin hadisi, wace magana ce ta fi rinjaye a mazhaba, wannan na malamai ne, a kai musu. Amma littafi yana da jiki, kuma jikin nan ke ce kika fi kowa saninsa. Ɗauki Ahalari ko Ishmawi ko Iziyya, bugu nawa ne a kasuwa? Wani da wasali, wani babu. Wani an sa fassarar Hausa a ƙarƙashin kowane layi, wani an tara ta a ƙarshen shafi. Wani tawadar ta dusashe har ɗigon harafi ya ɓace, wani an tsallake layi wajen ɗab'i, wani ɗinkin na warwarewa kafin a kai babin azumi. Ki faɗi sunan maɗaba'a da shekarar bugu, ki faɗi ko tsohuwa mai raunin ido za ta iya karantawa, ki faɗi ko Hausar fassarar ana ganewa ko sai an sake fassara ta. Ko Alƙur'ani za a saya wa yaro, a tambaya tukuna, riwayar Warshu ake yi a makarantarsu ko Hafsu, don kada a kai masa wanda zai rikita shi. In kuma kin ga wurin da kike zaton kuskure ne, kada ki yi shela. Ki rubuta lambar shafi da layi, ki kai wa malaminki ya gwada da wani bugun.

An ɗago min takarda cewa la'asar ta yi. Malama, wane bugu ne a hannunki? Kawo shi nan bayan salla mu duba tare.