Madhubala da rigar da ta gaji sunan Anarkali

Ku kawo wannan hoton a ranku tukuna. Ɗaki ne da aka lulluɓe bangonsa da rufinsa da ƙananan madubai, sarki Akbar na Indiya yana zaune ya sha kunu, ga wata baiwa a tsakiyar fada tana juyi. Kowane madubi ya ɗauki hotonta, mace ɗaya ta koma ɗaruruwa. Wannan ita ce Madhubala, ƴar fim ɗin Indiya, a matsayin baiwa Anarkali a fim ɗin Mughal-e-Azam na shekarar 1960.

Sunanta na yanka Mumtaz Jehan Begum. An haife ta a Delhi a 1933, tun tana ƙaramar yarinya ta fara fitowa a fim a Bombay (Mumbai ta yanzu) don ta taimaki iyayenta da abin sawa a baka.

To yanzu mu dawo kan kayan jikinta, don nan ne gizo ke saƙa. Rigar ta kama jiki daga kafaɗa zuwa ƙasan ƙirji, daga nan sai ta buɗe, yanki a kan yanki, kamar laima. A ƙarƙashinta akwai wando tsukakke mai tattara a idon sawu, wanda Indiyawa ke kira churidar. Sai mayafi shara-shara, sai ƴar hula a karkace da gashin tsuntsu a soke. In aka rataye rigar nan a jikin ƙusa, ba za ta ba ka mamaki ba. Amma bari ta juya. Kun gani? Gindin rigar ya tashi ya zama faifai, ƙafafun suna bayyana, kwalliyar zinare tana walƙiya. Telan da ya yanka ta da rawa a ransa ya yanka.

Darakta K. Asif bai yi wasa da sutura ba. Daga Delhi aka ɗauko teloli, masu aikin surfani daga Surat, maƙeran zinare daga Hyderabad, takalma kuma daga Agra. Kusan duk fim ɗin fari da baƙi ne, amma wannan waƙa ta Pyar Kiya To Darna Kya, wadda Lata Mangeshkar ta rera, da kala aka ɗauke ta. A ganina da ba a yi haka ba, da an cuci telolin nan.

Abin da kyamara ba ta nuna ba shi ne, lokacin da take wannan juyi ba ta da lafiya. Da rami a zuciya aka haife ta. Kuma a wuraren da aka jefa Anarkali kurkuku, sarƙoƙin ƙarfe na gaske aka ɗaura mata, masu nauyi, har suka kurje mata fata. Ku sake kallon murmushinta a rawar nan da wannan a ranku.

Ta rasu a Fabrairun 1969, kwana tara bayan ta cika shekara 36. A 2004 aka sake fitar da fim ɗin gaba ɗaya da kala, matasan da ba su san ta ba suka cika silima.

Rigar kuwa har yau ana ɗinka ta. A Mumbai ko Lahore, in amarya ta shiga shagon tela ta ce Anarkali take so, ba ya tambayar ta wane irin yanka, tef ɗin awo kawai zai ɗauko.