Jawabi ga 'Yan Uwa a Guangzhou: Abin da Sauyin Cimaka Ya Jawo wa Gidajen Sinawa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaba, dattawanmu, Alhazai da Hajiyoyi, da ƙannenmu ɗalibai, ina gaishe ku. Yau ba maganar kuɗin kwantena ko canjin yuan ta tsayar da ni a gabanku ba. Maganar masu masaukinmu ce, Sinawa.

Akwai wani mai masana'antar takalma da na shekara takwas ina sarin kaya a wurinsa. Bara na tarar da shi ya rame, ido ya zurma. Ashe mahaifinsa ne ɓarin jikinsa ya shanye, bayan doguwar fama da ciwon suga da hawan jini. Na bi shi asibiti dubiya. Na iske matarsa zaune a bakin gado da cokali, tana ɗura wa tsohon kunun shinkafa, rabi yana shiga, rabi yana dalalowa ta gefen baki. Ta ajiye aikinta saboda jinya, don a nan wanke majinyaci da ciyar da shi yawanci aikin iyali ne, ko a ɗauko mai jinya a riƙa biyansa kullum. Shi kaɗai iyayensa suka haifa, ita ma haka, saboda dokar ɗa ɗaya da aka bi daga 1980 zuwa 2015. Tsofaffi huɗu ke nan a wuyan mutum biyu.

A bakin ƙofa ya ba ni labarin tsohon. Yana yaro aka yi babbar yunwar 1959 zuwa 1961. Ya girma ana sayen hatsi da takardar rabo, wadda sai a 1993 aka soke ta. Nama kuwa sai bikin sabuwar shekara. Da aka buɗe kasuwa bayan 1978 kuɗi suka shigo, mutumin da ya san yunwa wa zai ce masa ya rage? Mai ya yawaita a tukunya, nama ya zama na kullum, mota da babur suka karɓe aikin ƙafa da keke. A 1987 KFC, mai sayar da soyayyar kaza ta Amurka, ta buɗe shagonta na farko a Beijing. Yanzu ku tsaya a bakin tashar jirgin ƙasa ta Xiaobei da azahar ku ƙirga masu rawayar riga na kamfanin kai abinci na Meituan da ke kai soye-soye ofisoshi, ku dubi kofunan shayin madara mai zaƙi a hannun matasa.

A 1980 masu ciwon suga a ƙasar nan ba su kai mutum ɗaya cikin 100 ba. Yau an haura ɗaya cikin goma na manya, wajen mutum miliyan 140, suna cikin ƙasashen da suka fi yawan masu ciwon a duniya. Rahoton gwamnati na 2020 ya nuna fiye da rabin manya nauyinsu ya wuce kima, kuma a girkin gida kaɗai mutum yana cin gishiri sama da giram 9 a rana, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a kai 5.

Ba wai gwamnatinsu ta naɗe hannu ba ne. A 2003 ta kawo inshorar lafiya ta mutanen karkara, a 2009 ta yi wa tsarin garambawul, yanzu sama da kashi 95 cikin 100 na jama'a suna da inshora. A 2001 kusan kashi 60 cikin 100 na kuɗin lafiya daga aljihun mutane yake fita, yanzu ya sauko ƙasa da kashi 30. Wannan aiki ne babba, dole a yaba. Amma ciwon suga ba zazzaɓi ba ne da za a sha magani kwana uku a miƙe. Magani ne kowane wata har ƙarshen rayuwa, ga gwaji, in ƙoda ta taɓu ga wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako. Inshora ba ta mayar wa matar abokina albashinta ba. Shi ya sa har yanzu za ku ji suna cewa "kan bing gui", wato ganin likita da tsada. Shi ya sa kuma hukuma ta koma kan tukunya, tana kiran a rage gishiri da mai da suga, har ƙaramin cokalin awon gishiri aka raba wa gidaje a Beijing.

'Yan uwa, gemun maƙwabci ya kama wuta. Su da inshorarsu ke nan. Mu fa? Yawancinmu da bizar kasuwanci muka shigo, in ciwo ya kayar da mutum lakadan zai biya, kuma kun san sai an ajiye kuɗi kafin a ba da gado. Sau nawa muka zagaya da takardar karo-karo a zauren nan? Ga yadda muke rayuwa: yini a kasuwa ba karin kumallo, dare ya yi a cika faranti da soyayyar shinkafa, a bi da lemon kwalba, a kwanta. Da muna gida, da fura da tuwon dawa sun ɗan tsare mu.

Ina roƙon shugabanni a buɗe asusun lafiya daban da na jana'iza, kowa ya riƙa zuba abin da aka yanke duk wata. Sannan biyu daga cikin ɗalibanmu masu karatun likita sun zo da na'urar awon jini da ta suga, suna zaune can baya kusa da ƙofa. Duk wanda ya haura shekara 35, don Allah kada ya fita bai miƙa musu hannu ba. Alhaji, ina neman alfarma dattawa su fara, mu biyo baya.

Allah Ya ba mu lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu da nasu sauƙi. Wassalamu alaikum.