Ƙaiƙayin gaba da ya daina jin fluconazole

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, daga Aboabo a Kumasi nake magana da ku. Ga farantin gwajin ƙwayoyin cuta a gabana: ruwan gaban mace aka shafa masa, aka ajiye kwana biyu a ɗumi. Koren ɗigon da ya fito a kai Candida albicans ce, wata ƙwayar cuta dangin yis, ita ke kawo yawancin ƙaiƙayi da farin ruwa mai gudaji kamar kindirmo. Mai ruwan hodar da ta bazu kuwa Candida krusei ce, wadda tun asali fluconazole, maganin da aka saba sha don wannan ƙaiƙayi, ba ya kama ta.

Maganin yana hana ƙwayar cutar haɗa ergosterol, sinadarin da take gina fatar jikinta da shi. Ƙwayar gado mai suna ERG11 ke kula da wannan aiki. In ta ɗan sauya, sai maganin ya rasa inda zai maƙale. Akwai kuma CDR1 da CDR2 da MDR1, masu ƙera ƙananan famfo da ke tura maganin waje tun bai yi komai ba. Wani nau'in, Candida glabrata, ta ƙware a wannan. Duk sanda aka shiga kemis aka sayi fluconazole ƙwaya ɗaya mai miligiram 150 ba gwaji, masu rauni ne ke mutuwa, masu taurin su yaɗu. Wallahi abin nan yana damuna, don wani sa'in ma ba yis ba ne. In ruwan yana ƙarnin kifi, galibi bakteriya ce, maganinta metronidazole.

To, in abin ya dawo miki sau uku ko huɗu a shekara, je asibiti, ko babban asibitin Komfo Anokye da ke nan Kumasi, a ɗauki ruwan da auduga a shuka, a gane nau'in, a gwada maganin da take ji. A duba sukarin jininki ma. In albicans ce mai jin magani, likita kan ba da fluconazole rana ta 1 da ta 4 da ta 7, sannan sau ɗaya a mako har wata shida. In glabrata ce, akan koma nystatin na matsi kwana 14, ko boric acid miligiram 600, shi ma matsi. Kada a haɗiye boric acid, guba ne, a ɓoye wa yara.

Mai juna biyu kuwa, Hajiya, ba fluconazole ba boric acid. Clotrimazole na matsi ne naki, kwana bakwai, da sanin ungozoma.