Ba a jiran gobe da cizon kare

Masu sauraro, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wato abin da masu karnuka ke faɗa duk lokacin da karensu ya ciji ɗan maƙwabci: "Ai karen gida ne, ba mahaukaci ba ne." Da wannan magana ake rufe bakin iyaye, a ƙona gashin karen a barbaɗa a kan ciwon, ko a garzaya kemis a yi allurar tetanus, kowa ya koma gida yana ganin an gama.

Ba a gama komai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutane kusan 59,000 a kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar tana cikin yawun kare, tana bin jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa, abin da kan ɗauki wata biyu zuwa uku, lokacin da ciwon ya riga ya warke, an manta da shi. Da zarar yaro ya fara tsoron ruwa yana firgita, kusan babu mai tashi. Allurar tetanus ba ta taɓa wannan ƙwaya, toka kuwa sai ƙara wa ciwon datti.

Abin da ya kamata a yi ba ɓoyayye ba ne: a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, sannan a kai wanda aka ciza asibiti a ranar, domin a fara allurar rigakafin haukan kare. A ranar nake cewa, ba sai an ga yadda ciwon zai kwana ba. Tun 1885 masanin kimiyya Louis Pasteur ya ceci wani yaro da irin wannan allura a Faransa, amma har yau muna binne yara saboda kunyar maƙwabci.

Wasu za su ce allurar tana da tsada, kuma ba kowane asibiti ke da ita ba. Gaskiya ne, kuma laifin gwamnatoci ne. Amma shin tsadar ta fi ran yaro? Wanda ya ga zai iya ajiye kare, ya ciyar da shi don gadi ko farauta, shi ya kamata ya biya kuɗin, ya fito da katin rigakafin karensa, ya ɗaure shi kwana 10 likitan dabbobi na lura da shi. Matasan unguwa da ke rufar wa kare da duwatsu su jefar da gawar su ma su sani cewa shaida suke ɓatarwa, domin da kan karen ake yin gwaji.

Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana yin allurar karnuka, kuma masana sun nuna cewa yi wa kashi 70 cikin 100 na karnuka rigakafi na katse yaɗuwar cutar. Jihohinmu su wajabta wannan allura, su kuma hukunta mai karen da ya ce "na gida ne" ba tare da kati a hannunsa ba.